Turken da Na Kafa wa Nonona

Ni dai ban taɓa sanin kwanciyar ciwo ba sai a shekarar da jam'iyyu sunka cika Tawa da lasifika. Haihuwa tara na yi, duk a durƙushe, kowace na tashi da ƙafata na wanke zanena. Zazzaɓi in ya shigo gidanmu yakan bi yara ɗaya bayan ɗaya, ya zo ƙofar ɗakina ya leƙa, ya ga ni ce, ya wuce. Na fara da wannan ne don wanda zai karanta abin da jikanyata ke rubutawa daga bakina ya san ba raguwa ke magana ba.

Shekarar nan kowa ya ji jiki. Ma'aikata sun yi watanni ba albashi, darajar kuɗɗi ta zube har sabulu ya zama abin ɓoyewa ƙarƙashin gado, lakwal, makarantun boko ke nan, kullum greb, wato yajin aiki. Motocin jam'iyyu kaɗai ne ba su san da yunwa ba. Tun hantsi suke zagaya unguwa, wata ta ɓullo ta hanyar Kalfu, wata ta bayan kasuwa, kowace da lasifika a ka tana kiran mutane miting. Akwai wata tsohuwar mota da makunnin lasifikarta ya lalace, in an kunna ba a iya kashewa sai batir ya mutu. Direba ya tsaya sallar azahar, ita tana bakin masallaci tana yi wa masu sujada alkawarin famfo da kwalta.

Mai gidana ba ya gari. Mazan Adar haka suke, gero na shiga rumbu su kuma su shiga mota, sai hadari ya fara haɗuwa a gabas ka gan su da sabuwar rediyo da tari. Shi Abijan yake zuwa tun ina goyon fari. Ya tsufa, gwiwa ta fara yi masa gardama, amma ya ce teburinsa na shayi na can yana jiransa. Gida ya rage daga ni sai Auta, ɗiyata ta ƙarshe, mai karatun likita a Yamai. An rufe musu lakwal, an ce farar shekara ce, ba karatu ba jarrabawa. Ta dawo da akwatin littattafai da fushi, ba ta da wanda za ta yi wa likitanci sai ni da awaki.

Lokacin sanyi, ina wanka, na ji wani abu cikin nonon hagu kamar ƙwallon kurna, mai tauri, ba ya ciwo. Na ƙyale shi. Ya kai kamar goro. Auta ta lura ina daka ina kai hannu wurin, ta ja ni ɗaki ta taɓa, ta daɗe tana taɓawa, na ga fuskarta ta sake.

"Inna, tun yaushe yake nan?"

"Baƙo ne. Bai yi sallama ba da ya zo, ba zai yi ban kwana ba in zai tafi."

"Gobe za mu likita."

"Gobe kasuwa."

"Za ta ci ba ke."

Munka je. Lokotoro, babban likitan wurin, ya duba, ya juya ya yi ta faransanci da Auta ta bisa kaina, kamar masu cinikin tunkiya. Na ce in sayar da ni za a yi, a faɗa mini da Hausa. Sai ya ja kujera ya zauna ya faɗa mini da Hausa, na so da ya tsaya a faransancin. Ciwon nan ne da mata ba su son kiran sunansa, ciwon daji. Ya ce a cire nonon, kuma kada a daɗe.

Na ce masa sai mai gida ya dawo da damina. Nonon da ya shayar da mutum tara ba a kai shi gaban wuƙa mai gida ba ya gari. Ya ce damina ta yi nisa. Na ce ba ni na aje ta can ba.

A hanya Auta ta ce mu biya gidan waya a kira Abijan.

"In shiga akwatin gilashi, mutane na layi a bayana, in ɗaga murya in ce wa Abijan nono?"

"To mu yi kaset mu ba mai tafiya."

"Kaset ɗin da ƴan Adar duka ke taruwa ɗaki ɗaya su saurara, har su maido baya wurin da ya yi musu daɗi?"

Ban ce mata tsoro nake ji ba, kuma ba yau zan ce ba.

Da munka koma gida na ce mata abu ba ya ciwo, yana zaune wuri ɗaya kamar surukin kirki, gaggawar mi ake? Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani littafi mai nauyin turmi, ta zauna kusa da ni a tabarma ta buɗe. Hoto biyu ta nuna mini. Na farko wani abu ne shimfiɗe, mai kusurwoyi, da zare-zare miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, sak fatar akuya da anka shanya anka kafe bakinta da tsinke. Na biyu ya dunƙule kamar curin dawo da ya faɗi cikin ƙaiƙayi, gefensa duk tsiro-tsiro.

Ta ce jikin mutum gari ne na ƴan ɗakuna ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, a lakwal selil suke ce musu, kuma kowane ɗaki da ransa. Na ce to mi ke riƙe da su tunda ba su da ƙashi? Ta ce suna da nasu irin ƙashin a ciki. Akwai kamar dirkoki, akwai igiyoyi sirara da anka ja anka ɗame, bakin kowace an kafe shi ƙasa da turke, wasu kuma an ɗaura su jikin ɗakin maƙwabci. Shi ya sa ɗaki ke zama inda anka aje shi, da siffar da anka ba shi. Hoton farko shi ne mai lafiya.

"Wannan dunƙulallen fa?"

"Irin wanda ke cikin nononki ne, Inna."

"Bai yi kama da kowa a danginmu ba."

Ta ce tsakiyar kowane ɗaki akwai masu ba da umurni, sunansu jen. Wani aikinsa ya ce a haihu, wani ya ce a tsaya haka nan, wani kuma mai shela ne, shi ke cewa a kwance igiya a cire turke a matsa gaba. Na ce wane mahaukaci ne zai aje mai irin wannan shela cikin ɗakinsa? Ta kama hannuna ta nuna tabon da wuƙa ta yi mini a yatsa shekarun baya. Ta ce ranar da na yanke, mai shelar nan ne ya yi kira, ɗakunan bakin ciwon sunka kwance, sunka tako daga nan da can har sunka haɗu sunka rufe wurin. Sannan ya yi shiru, kowa ya sake kafa turkensa. Amfaninsa ke nan, ya yi kira ya yi shiru.

Daidai nan tsohuwar motar ta shigo layinmu tana alkawarin kwalta. Munka dakata har ta wuce, don ba a jin magana.

"Kin ji ta?" in ji Auta. "Haka naki ya zama. Makunninsa ya lalace. Safe da yamma yana cewa a haihu, a kwance, a tashi."

Ta bi hoton da yatsa tana nuna mini. Igiyoyin da ke miƙe sai su saki, ɗaki ya dunƙule. Turaku su yi ta fita. Ɗaurin da ke tsakaninsa da maƙwabci ya kwance. Zaren da ya rage ya taru gefe guda ya turo kamar ƙafa, ɗaki ya fara jan ciki. Mai lafiya in ya taɓa maƙwabci tsayawa yake yi, wannan kuwa hawa kansa yake. Yanzu suna cure wuri guda, shi ne nake ji kamar goro. In an ba su lokaci za su sami hanya, zangon farko hammata, daga nan huhu, hanta, ƙashi, duk inda sunka sauka su kafa unguwa. Wuƙa tana iya kwashe su ne tun suna wuri ɗaya.

Na ce wa ya shiga ya gano duk wannan? Ta ce masu bincike na renon ɗakunan nan cikin ɗan faranti, su ɗauki mai lafiya su sa masa lalataccen jen, suna kallo ya saki igiya ya dunƙule. Na ce Allah ya shirye su, mutum na zaman lafiyarsa a haukata shi don a ɗauki hoto. Na ce to tunda sun iya haukatawa, ba su da maganin da zai shiga ya tsinke wa mai shelar waya? Ta ce shi ake biɗa ƙasashen waje, ba a kai ga nawa ba tukuna.

Sannan na tambayi abin da ya fi damuna.

"Wannan mai shelar, daga wane gida ya shigo mini? Gidan ubana ba a taɓa samun mahaukaci ba. Wajen uwata akwai wani kawu a Bambeye mai hira da jakinsa, amma shi ma jakin ne ya fara."

Ta ce kowa da shi ake haihuwarsa, liman da gwamna da ita kanta. Akwai gidajen da ake gadon ciwon, amma yawanci a jikin mutum yake lalacewa, cikin ɗaki guda, ɗakin ya yi ta haifar masu kama da shi. Na ce to alhamdu lillahi, a bar wa dangina mutuncinsu.

Duk abin da ta faɗa na gane shi. Har yau ba mai cewa ban gane ba. Inda munka rabu da Auta wurin magani ne. Ita ta ga abu na shirin tashi ta ce a yanke. Ni kuwa Ba'adara ce, na tashi cikin matan da kowace shekara wani nasu ke ɗaure kaya. Mu mun san abin da ake yi wa mai shirin tafiya. Turke ake kafa masa.

Akan je wurin malam ya yi rubutu, a naɗe cikin fata, a ɗaure a wuyan ɗan turke na itacen aduwa. Mace ta kafa shi da hannunta a bakin ƙofar ɗaki ta rufe da ƙasa, mai tafiya ya tsallaka bai sani ba. Na yi wa mai gidana tun ina da ƴaƴa biyu. Mata na cewa nawa bai ci ba, tunda bai fasa zuwa Abijan ko sau ɗaya ba. Ni na ce ya ci, don bai taɓa ƙin dawowa ba. Igiyar ce ta yi tsawo.

Malamin da ya yi mini na farko ya rasu, ɗansa ke zaune a zaurensa. Yaro ne a wurina, na ci tuwon sunansa, ba zan buɗe baki in ce masa nono ba.

"Malam, wasu ne a gidana ke shirin tashi, ina so a ɗaure su."

"Su nawa ne, Inna?"

"Ɗiyata ta ce ba su ƙirguwa."

Ya ɗago kai. "Maza ko mata?"

"Ban duba ba."

"Sunayensu fa? Da suna ake rubutawa."

"Ba a yi musu suna ba. Rubuta nawa, a jikina suke ci suke sha."

Ya aje alƙalami ya dube ni. Ya ce, "Inna, in ciwo ne zan yi miki addu'a, amma ki haɗa da likita." Na ce ubansa bai cika tambaya haka ba. Ya rubuta.

Na kafa turke da taɓarya a bakin ƙofata. Na ɗauko majanyin da na goya Auta da shi na ɗaure ƙirji tam, don ko sun cire nasu turakun su tarar da ƙofa a rufe. Kowace safiya bayan salla nakan ɗora hannu a wurin in yi musu magana, irin wadda na yi wa ƴaƴana maza lokacin da sunka fara kallon tasha. In ce musu ku zauna, can da kuke hange ba komai sai wahala, nan kuna da ci kuna da sha, damina ta kusa. Ƴaƴan nawa ma ba su ji ba, amma su ai ba a yi musu turke ba.

Ba a daɗe ba Auta ta gano, don ta ga ina tsallaka bakin ƙofa da bismilla, ina magana kuma kamar wadda ta hau tudu da tulu. Na faɗa mata da alfaharina. Ta yi dariya har ta zauna ƙasa, dariyar ta juye kuka. Ta ce laifinta ne da ta ce turke, da ta bar shi da faransanci. Na ce ai ta yi bayani mai kyau, karatun bai faɗi banza ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Goro ya fara neman zama ƙwai. Wata safiya na ji ɗan wani abu a hammata kamar ƙwayar wake. Na ce majanyi ne ya goge ni, ban faɗa wa kowa ba. Auta ta daina faɗa, ta rame, ta koma bina duk inda na sa ƙafa.

Ana haka anka aiko mini ƙawata za ta yi yaji, in zo in ba ta haƙuri. Buzuwa ce daga arewacin Affala, tun muna ƴan mata take kawo mini cuku in ba ta gero. Fari ya cinye musu dabbobi, hanyar arewa kuma ta ɓaci da tashin hankali, sai sunka sauko sunka kafa tanti a bayan gari. Su a wurinsu ɗaki na mace ne. Ehan suke ce masa, fatun awaki ne anka ɗinka anka shafe da jar ƙasa. Da shi take shiga aure, in aure ya ɓaci ta naɗe abinta ta bar miji da sararin Allah. Laifin tsohonta kuwa, akuyarta guda da ta rage mai nono ya ɗauka ya ba ƴan jam'iyya sunka yanka a miting. Sunka ba shi alkawari da hula, mutumin da bai taɓa sauke rawani ba.

Munka isa da hantsi, ni da Auta. Tanti na tsaye, ja, a miƙe ta ko'ina, igiyoyi a ɗame, turaku a ƙasa. Auta ta taɓa ni ta ce, "Inna, hoton farko." Na ce ta rufe mini baki, sulhu na zo yi. Tsohon na ciki zaune yana dafa shayi, ya rantse ba ya tashi.

"Ƙawa, da furfurarki za ki yi yaji? Jikokinki na kallo."

"Su kalla su koya."

"Akuya ce fa."

"Ke ba ki sha nononta ba. Matsa, kin taka mini igiya."

Ban matsa ba. Na danne turken da ƙafa na ce wannan dai ba ya fita ina tsaye. Ta dube ni, ta zagaya ta cire na gefe. Na ɗauki dutse na bi na mayar, kafin in ɗago ta cire na baya. Ina kafawa tana cirewa, muna zagaya tanti, tsofaffi biyu, ni ga majanyi ya hana ni numfashi. Da ta ga na dage sai ta bar mini turakun gaba ɗaya ta shige ciki. Na ji tana kwance ɗauri daga can, igiyar da na riƙe ta yi laushi a hannuna. Ta zare sandunan gefe, ta sa kafaɗa ta ture dirkar tsakiya. Fata ta sauko ta dunƙule, da tsoho da shayinsa a ƙarƙashi, yana motsi yana salati, ƙafarsa guda ta leƙo ta gefe.

Auta ta ce a hankali, "Hoto na biyu."

Turakun da na kafa duk suna nan a ƙasa, ko ɗaya bai motsa ba, sai dai ba abin da suke riƙe da shi. Kafin a ciro tsoho a karkaɗe shi, ƙawata ta naɗe fata ta ɗora wa jaki. Ba ta yi nisa ba. Ta tsallaka kwari ta sauka a gonar wani mutum kusa da ƴan'uwanta, shayin da anka sake ɗorawa bai tafasa ba na hango jan tanti tsaye a wurin da ba nata ba.

Munka bi ta can. Na zauna ina haki, ta ga majanyi, ta ce goyon wa nake yi ta gaba? Auta ta kwashe duka ta faɗa mata, da goro da lokotoro da turken malam, ban kuwa ba ta izni ba. Na ce turkena yana ci, ga mai gidana shaida, shekara da shekaru yana dawowa, igiya ce kawai mai tsawo.

Ƙawata ta miƙo hannu ta auna daga ƙirjina zuwa ƙasan haƙarƙari. Taƙi ɗaya da ɗan kai.

"Igiyar da ta bar mutum ya kai Abijan," in ji ta, "ita za ta hana waɗannan zuwa nan? Shi ma yana dawowa ne don kin iya tuwo. Su mi za su dawo ci?"

Ta ce ta ga irin ciwon ga yayarta a daji, ana ta cewa a jira kaka. Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Can ta ce in iznin namiji nake jira, ga nata can zaune ba rufi, in je ya ba ni.

A hanyar gida na ce wa Auta na yi tunani, kuma tunanin nawa ne, kada gobe wata ta ce ita ta sa ni. Na ga da idona mai kwancewa tana ciki, ni ina waje da dutse. Na ɗaga hannu na ce ta taɓa hammata. Ta taɓa, ta tsaya cik tsakiyar hanya.

"Inna, tun yaushe?"

"Ki daina wannan tambaya, ba ta taɓa yi miki amfani ba."

"Iznin Baba fa?" ta ce, don ta gwada ni.

"Na ba kaina a madadinsa. Auren yayyenki ma haka anka yi, ya dawo ya tarar."

Gidan likita ma greb ake, ma'aikata kaɗan ke zuwa, komai sai ka sayo da kanka, daga auduga har zaren ɗinki. Auta ta yi ta zirga-zirga tsakanin farmasi da ofis har takalminta ya tsinke. Lokotoro bai ce ai na faɗa miki ba, na riƙe masa wannan alheri har yau. Kafin su sa mini abin barci na ce masa ya duba hammata da kyau, wasu sun riga sun ɗora wa jaki kaya. Ya dubi Auta. Ta ce masa da Hausa, "Ta gane, gardama ce ta yi mata yawa."

Na farka gefe ɗaya ba nauyi. Na yi kuka, amma sai da na bari kowa ya fita. An aika ɗan yanki Yamai a duba da madubi. Sauran na ce a ba ni abina, ba a zubar da abin da ya ciyar da mutum tara kamar tsumma. Anka naɗe cikin farin ƙyalle, Auta ta haƙa rami bayan ɗakina ta binne. Da na sami ƙarfi na tono turken malam daga bakin ƙofa na kafa shi a kan wurin, na bar kansa waje. Na ce to yanzu su tashi in gani.

Ƙawata ta zo gaishe ni da cuku da wani ɗan matashi na fata da ta ɗinka, mai ado ja da kore, ta ce in cika gefen riga da shi. Ya fi ɗan'uwansa tsayuwa nesa ba kusa ba. Na ce ta rage auduga, kada mata su ce na koma budurwa ta ɓangare ɗaya. Da shi nake zuwa biki har yanzu.

Amsar Yamai ta daɗe kafin ta zo. Ƴan kaɗan sun kai zangon hammata, a nan anka cim musu, an kuwa kwashe zangon duka. Lokotoro ya ce da an kai damina da wata magana ake. Ya ɗora ni kan wata ƙwaya da na yi shekaru ina haɗiya, Auta na tsaye a kaina kamar jandarma. Ranar da amsar ta zo na ce mata kada ta ga laifinsu, ƴan Adar ne, ba su iya zaman gida da rani ba.

Hadari ya haɗu, mai gida ya dawo da rediyo da tari. Ya aje kaya ya zagaya bayan ɗaki da buta, ya yi tuntuɓe da turke ya faɗi. Ya fito yana ɗingishi.

"Wa ya kafa turke a kan hanya? Akuya kunka saya?"

"Zauna ka sha ruwa tukuna."

Ya zauna na faɗa masa. Ya ce don mi ba a kira shi ba? Na ce layi ya yi yawa a gidan waya. Ya ce ko kaset. Na ce ya tuna yadda suke sauraren kaset. Ya ce gaskiya ne. Can ya tambaya da ƙaramar murya ko da sauran ciwo. Na ce sai in na ɗaga taɓarya. Washegari na tarar ya ɗauki gero a ka ya kai injin niƙa da kansa, gaban mutane.

Da kaka gero ya shiga rumbu, motoci sunka cika tasha, shi bai ɗaure kaya ba. Bai sake zuwa Abijan ba har Allah ya karɓi abinsa. Auta, wadda yanzu ita ce lokotoro mutane ke layi su gan ta, ta ce gwiwar da ya bugu ce da tsufa da kuɗɗin da sunka zube. Ƙawata, da ta koma wa tsohonta bayan ya maida mata akuya, ta ce tsoro ya ji kada ya dawo ya tarar an sake cire wani abu. Ni dai na san ya gamu da turke, kuma wannan karon igiyar gajera ce. Turken yana nan bayan ɗaki, duk mai shara na faɗa masa ya zagaye shi.